Babi na Shida: Mai Iyali a Otal Mai Taurari Biyar

Ɗakin otal, a ko'ina cikin duniya, don mutum biyu aka zana shi. Gado ɗaya babba ko ƙanana guda biyu, tawul na mutum biyu, kofin shayi biyu, katin buɗe ƙofa biyu, kuma farashin da ake rubutawa a shafukan kama ɗaki na mutum biyun ne. Duk wanda ya ƙaru bayan su ƙari ne da sai an yi masa dabara. Wannan tsari ya dace da ɗan kasuwar da ya je taro da kuma ango da amarya, amma bai san da zaman magidanci Bahaushe ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a ƙasar baki ɗaya mace na haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaici, a arewa maso yamma kuwa adadin ya kai 6.6. Saboda haka idan mai hali daga Kano ko Maraɗi ya ce zai fita waje da iyalinsa, ba a maganar mutum uku. Akwai maiɗaki, akwai yara huɗu ko biyar da suka fara daga na goye har zuwa budurwa, sau da yawa akwai Hajiya babba, wani lokaci har da 'yar raino. Abin da wannan babi yake son kafawa shi ne, irin wannan ayari ba ya sayen jin daɗi da sunan otal ko yawan taurarinsa. Yana sayensa ne da tsarin ɗakunan da za a ba shi, da lokacin da zai ɗauka tsakanin gado da inda ya zo dominsa, da kuma alkawarin da aka rubuta masa kafin ya biya.

Mu fara da taurarin, tunda su ne ke ɗaukar ido. Babu wata hukuma guda a duniya da take rabon su. Kowace ƙasa da nata ma'auni: a Saudiyya ma'aikatar yawon buɗe ido ce ke tantance otal-otal, wasu ƙasashen Turai sun haɗu tun 2009 a kan ma'auni ɗaya mai suna Hotelstars, a Amurka kuwa kamfanoni masu zaman kansu ne ke bayar da daraja. Burj Al Arab na Dubai, wanda aka buɗe a 1999 kuma ake yi masa kirari da mai taurari bakwai, a hukumance biyar gare shi kamar sauran manyan otal. Abin da masu tantancewar suke ƙirgawa shi ne kayan aiki da hidima: ko akwai mai karɓar baƙi dare da rana, ko ana kai abinci ɗaki, girman ɗaki da banɗaki, yawan wuraren cin abinci. Waɗannan duk abubuwa ne na gaske, kuma wanda ya biya zai gan su. Sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ke amsa tambayar da ke gaban uwa mai yara biyar, wato ina kowa zai kwanta, kuma idan ƙaramin ya farka da kuka ƙarfe biyun dare, ƙofa nawa ke tsakaninta da shi.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar Makka, kuma can ne mafi yawan masu halinmu suke fara kai iyalansu, musamman umarar azumi ko ta hutun makaranta. Manyan masaukan da ke kewaye da Harami sun taru ne a wuri biyu. Na farko shi ne Abraj Al Bait, gungun dogayen gine-gine bakwai da aka kammala a 2012 a gurbin tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa, wadda aka rushe a 2002. Hasumiyar agogon da ke tsakiyarsu ta kai mita 601, kuma a cikin gungun ne Fairmont da Raffles da Swissôtel da Pullman Zamzam suke, suna fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz, da katafariyar kasuwa a ƙarƙashinsu. Na biyu shi ne Jabal Omar, ta yamma, bayan titin Ibrahim Al Khalil, inda Hilton da Conrad da Hyatt Regency da wasunsu suke. Duk waɗannan masu taurari biyar ne, duk ana cewa a bakin Harami suke, kuma duk da haka iyali biyu masu yawa ɗaya za su iya biyan kuɗi kusan ɗaya, ɗaya ya dawo yana yabo, ɗayan ya dawo da gajiyar da ta fi ta ɗawafi.

Bambancin yana farawa daga ƙirga kai. A ka'idar yawancin manyan otal, yaron da ya kai shekara 12 babba ne: yana da kuɗin gado, yana da cikakken kuɗin karin kumallo, kuma yana cikin adadin mutanen da aka yarda su kwana a ɗaki. Wannan adadi ba na ciniki ba ne, domin yana da alaƙa da dokokin kariya daga gobara, shi ya sa a Landan ko Faris roƙo ba ya sa a ƙara mutum na huɗu a ɗakin mutum uku. Makka ta fi sauƙi ta wannan fuska, saboda harkar alhazai ta sa otal ɗinta suna sayar da ɗakin mutum uku da na mutum huɗu a matsayin abin yau da kullum. Amma yana da kyau mai saye ya san abin da ake nufi da ɗakin mutum huɗu. Sau da yawa ɗakin mutum biyu ne aka ƙara wa gadaje biyu na naɗewa. Ana tura kujera da ɗan teburin shayi jikin labule, a jera gadajen kusan suna taɓa juna, har ya zama babu inda za a buɗe akwati sai a kan katifa, babu kuma filin da mutum zai shimfiɗa darduma ba tare da ya ɗaga takalman yara ba. Banɗaki ɗaya ne. Wanda ya taɓa ganin mutum huɗu suna jiran alwala a bayan ƙofa ɗaya, ana kiran sallar asuba ta lasifikar da ke cikin ɗakin, ya san marmara da famfo mai ruwan zinariya ba sa rage layi. A hoton da ke intanet kuwa, ɗakin ne kafin a shigo da ƙarin gadajen.

Akwai kuma abin da masu zanen otal ba su lissafa ba, wanda a wurinmu shi ne kan gaba, wato kunya. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan rabuwa: maigida da turakarsa, uwargida da ɗakinta, samari a shagon ƙofar gida, tsohuwa da sashenta. Addini ma ya ƙarfafa wannan, domin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umurni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, sannan aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu. To, magidancin da ya cusa kansa da matarsa da 'yarsa mai shekara 14 da ɗansa mai shekara 11 a ɗaki ɗaya na tsawon kwana goma ya rushe tsarin da yake bi a gidansa, kuma ya biya maƙudan kuɗi kafin a bar shi ya rushe. Mafita ita ce ɗaki biyu, amma a nan ma akwai tarko. Ɗakuna biyu da ke maƙwabtaka daban suke da ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakaninsu. A na farkon, sai an fita farfajiya, an sa kati, sannan a shiga wurin yara, kuma yaro ɗan shekara 5 da ya fito neman uwarsa cikin dare, ƙofar ta rufe kanta a bayansa, ya tsaya a dogon lungu mai ƙofofi iri ɗaya. A na biyun, ana kulle ƙofofin waje duka, a bar ta tsakiya a buɗe ko a saya ta gwargwadon bukata. Wannan ƙofa ta tsakiya ta fi duk wani abin ƙawa da ke cikin ginin amfani ga mai iyali, kuma ita ce aka fi wahalar samu, domin ɗakunan da ke da ita kaɗan ne a kowane hawa. Al'adar otal ita ce su karɓi bukatar su ce za su duba idan an iso, wanda a lokacin cunkoso ma'anarsa babu. Har sai a 2021 kamfanin Hilton ya fito da tsarin da mutum zai kama irin waɗannan ɗakuna a tabbatar masa tun lokacin biya, kuma yadda aka yi ta tallata abin a matsayin sabon ci gaba ya isa ya nuna yadda aka daɗe ana barin iyalai a hannun sa'a. Inda babu irin wannan tsari, sai mutum ya rubuta wa otal ɗin kai tsaye ya nemi amsa a rubuce, ko ya kama sashe mai falo da ɗakin kwana biyu, wanda tsarinsa ba ya canzawa komai cikar gari.

Abu na biyu shi ne nisa, kuma kuskuren da ake yi shi ne auna shi da mita. Otal na iya zama taku kaɗan daga farfajiyar Harami a taswira, amma ɗakin yana hawa na talatin ko sama da haka. A wasu daga cikin waɗannan hasumiyoyi ba lifta ɗaya ake hawa ba: akwai wadda ke sauko da mutum zuwa zauren karɓar baƙi, wanda shi kansa a sama yake, sannan a sake shiga wata, ko a bi ta cikin kasuwa, kafin a taka ƙasa. Dubban mutane ne ke zaune a ginin, kuma dukkansu lokaci ɗaya suke son sauka, sau biyar a rana. Lifta takan tsaya, ta buɗe a cike maƙil, ta rufe ta wuce. Namiji shi kaɗai zai iya matsawa ya shige, amma mai keken jariri da tsohuwa a keken turawa yana bukatar rabin liftar, don haka shi ne ke zama na ƙarshe. Kafin ya isa ƙasa, jami'an tsaro sun ja shinge saboda ciki ya cika, sai a yi salla a farfajiya, a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watannin bazara. Wannan ne ya sa ɗakin da ke hawa na ƙasa-ƙasa, a ginin da lifta ɗaya ke kai mutum bakin titi, yakan fi ɗakin da ke kusa da agogo kusanci a aikace, ko da taswira ta ce akasin haka. A Madina lissafin ya ɗan bambanta, domin gine-ginen ba su kai haka tsawo ba. Abin dubawa a can shi ne ɓangaren da otal yake, tunda sassan sallar mata sun fi kusa da arewacin masallaci, kuma wanda ya sauka ta kudu ya ɗora wa matarsa da 'yan matansa zagaye mai tsawo kowace salla.

Za a ce, to ai hawa na sama shi ne ke da tagar da ake hango Ka'aba, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Gaskiya ne. Otal ɗin suna raba ɗakunansu gida uku, mai kallon gari, mai kallon Harami da mai kallon Ka'aba, farashi na hawa a kan wannan jeri, kuma akwai wanda tagar take da cikakkiyar daraja a wurinsa. Dattijuwar da ƙafa ta hana ta sauka fiye da sau ɗaya a rana, ko matar da uzuri ya tsare ta a ɗaki kwanaki, za su zauna a gaban gilashin suna lazimi, kuma babu mai cewa an yi asarar kuɗin. Amma a lura da yadda lissafin ke juyawa idan aljihu yana da iyaka, kamar yadda na kowa yake da ita. Ƙarin da ake biya don tagar yana iya kusantar kuɗin wani ɗakin sukutum, don haka zaɓin da ke gaban magidanci sau da yawa shi ne ɗaki ɗaya mai kallon Ka'aba ko ɗaki biyu masu kallon gari. Ka'aba tana nan ƙasa, kyauta, ga duk wanda ya sauka. Barcin yara da sutura tsakanin uba da 'yarsa kuwa ba a samun su a ƙasa. Idan za a biya tagar, a biya wa mutum ɗaya da ke bukatarta, sauran su kalli duwatsun Makka.

Wata suka ta fi wannan ƙarfi, kuma daga ɗaya gefen take zuwa. Mai ita zai ce, idan fili da rabuwa ake nema, me ya kai mutum otal mai tsada tun farko? A Aziziyya ko Misfala ana samun gida mai ɗaki uku da kicin a kan kaso kaɗan na wancan kuɗi, a dafa tuwo da miyar kuka, a hau motar da ke jigila zuwa Harami, a yi sadaka da ragowar. Wannan magana tana da nauyi, kuma ga iyalin da yaransa suka tasa, suka iya tafiya da jure cunkoso, ita ce ma ta fi dacewa. Almubazzaranci abu ne da aka hana, kuma ba kowane mai iko ba ne ya kamata ya yi duk abin da yake da ikon yi. Inda hujjar ke rauni shi ne wajen ƙananan yara da tsofaffi. Yaro ɗan shekara 3 ba ya zaman masallaci daga la'asar zuwa isha. Zai ji yunwa, zai ɓata wando, zai yi barci a kafaɗa. Idan masauki na nesa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin jiran mota da ratsa cunkoso, kuma a ƙarshe abin da ke faruwa sananne ne: maigida ya tafi Harami, uwar yara ta zauna a gida tana raino, ta dawo Najeriya da umara ɗaya da sallolin da ta yi a falo. Kusanci shi ne ke ba ta damar sauka ta yi salla ta dawo kafin jariri ya farka, ko su yi karɓa-karɓa da mijinta. Idan tsadar otal tana da hujja, wannan ce hujjarta, kuma ta uwar ce fiye da ta uban.

Sauran abubuwan ƙanana ne, sai dai suna cizo. Jiragen da ke tashi daga Kano ko Abuja zuwa Jidda sukan sauka a lokacin da bai dace da agogon otal ba, alhali manyan otal na Makka ba sa ba da ɗaki sai wajen la'asar. Iyalin da ya iso da hantsi cikin harami, bayan kwanan zaune, zai yi sa'o'i a kujerun zaure, sai fa idan an kama ɗakin tun daren jiya aka kuma sanar da otal cewa baƙin za su makara, don kada a ɗauka sun fasa. Abinci ma haka. Karin kumallon da ake jerawa kowa ya ɗiba yana da yawa har ya ba da mamaki, amma yaron da ya saba da koko da ƙosai zai iya zagaye shi duka ya dawo da burodi kaɗai, don haka ƙaramin firji da butar dafa ruwa da wurin ɗumama abinci sun fi yawan gidajen cin abincin otal muhimmanci. Wurin ninƙaya da filin wasan da ake samu a otal ɗin shaƙatawa irin Atlantis na Dubai kuwa, kada a sa rai da su a nan. Ba don wannan aka gina masaukan Makka ba.

Sai kuɗi. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, saboda haka farashin ɗaki a Makka farashin dala ne da aka sa wa wata riga. Ga ɗan Nijar, wanda sefarsa ke ɗaure da yuro, motsin bai cika yawa ba. Ga ɗan Najeriya kuwa, tun da aka saki naira a Yunin 2023, ɗakin da aka kama yau za a biya bayan wata uku yana iya canza nauyi ba tare da otal ya ƙara ko sisi ba. Wannan yana tura mutum ga biya tun da wuri, amma farashin da ya fi araha galibi shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, kuma mai yara biyar ya fi kowa fuskantar fasa tafiya: zazzaɓi ɗaya, ko bizar mutum ɗaya da ta maƙale, ya isa. A ganina ƙarin da ake biya don samun damar fasawa yana cikin kuɗin da iyali bai kamata ya yi ƙyashinsa ba. A kuma tabbatar ko adadin da aka gani ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ke karɓa tun Yulin 2020, da kuɗin hukumar gari, domin a kan ɗaki biyu na kwana goma, bambancin ba na wasa ba ne. Goman ƙarshe na azumi kuwa kasuwa ce ta daban, inda otal da yawa ke sayar da kwanakin a dunƙule, a farashin da ya ninka na sauran shekara.

Mafi yawan masu tafiya ba sa yin ko ɗaya daga cikin wannan da kansu. Suna miƙa komai ga kamfanin jirgin yawo, kuma suna da dalili. Eja nagari yana sayen ɗakuna da yawa tun kafin lokaci, yana samun rangwamen da mutum ɗaya ba zai samu ba, yana kuma da wakili a can da zai tsaya idan an sami tangarɗa. Matsalar ita ce abin da ya saya ɗakuna ne iri ɗaya, na mutum biyu da uku da huɗu, waɗanda otal ke rabawa ranar isowa gwargwadon abin da ya samu a buɗe, ɗaya a hawa na 18, ɗaya a na 26. Idan aka tambaye shi zai ce, "Ranka ya daɗe, kada ka damu, a bakin Harami ne, za a haɗa ku wuri ɗaya," kuma yana iya faɗin haka da zuciya ɗaya, alhali ba shi ke riƙe da makullan ba. A al'adarmu neman takarda daga mutumin da aka sani yana kama da rashin yarda, shi ya sa ake jin nauyin yi. Amma takardar da ake nema ta otal ce, ba ta eja ba: sunan otal ɗin da hasumiyar da yake ciki, nau'in ɗakin kamar yadda otal ke kiransa, sunayen masu kwana da shekarun kowane yaro, lambar da otal ya bayar ta tabbacin kamawa, da layi ɗaya da ke cewa akwai ƙofa tsakanin ɗakunan. Da wannan lamba mutum zai iya kiran otal ɗin daga Kano mako biyu kafin tashi, ya ji ko sunansa na cikin kwamfutarsu, kuma ejan da ya riga ya biya ba ya ɗaukar kwana ɗaya kafin ya turo ta.